Hayaƙin da Ke Komawa Cikin Bututu

Wanda ya fara ba ni labarin tsattsewa ɗana ne na tsakiya, wanda unguwa ke ce wa Fara-ka-bari. Kafin nan ni dai na san akwai wasu 'yan baƙaƙen tsuntsaye da ke shawagi da yamma suna ƙara, amma ban taɓa tambayar inda suke kwana ba, don ban ga abin da ya haɗa ni da su ba. Shi ya zo ya zauna a bakin tabarmata, fuska duk kunkunniya, ya ce, "Inna, kin san akwai tsuntsun da ba ya taka ƙasa?" Na ce masa ni dai na san mutum ɗaya da ba ya zama wuri ɗaya, kuma ni na haife shi.

Sunan nan ba wanda ya zalunce shi da shi, halinsa ya jawo masa. Yana yaro aka kai shi wurin kafinta, ya yi kujera mai kyau, ƙafa uku, ya ce ta huɗun sai gobe. Kujerar tana nan a ɗakina an tokare ta da bulo. Aka kai shi koyon aski, ya aske wa wani bawan Allah rabin kai, ya ji ana hayaniya a titi akuya ta faɗa kwata, ya ajiye aska ya tafi ceto. Mutumin nan da hula ya koma gida. Ya koyi tuƙi, ya iya gaba, da aka zo kan baya ya ce wuyansa na ciwo. Ya yi kiwon kaji, ya sa wa kowace suna, ranar da mai saye ya zo ya kasa haɗa ido da su, aka tashi ba ciniki.

Amma kada a ce malalaci ne, a'a. Ba ya sata, ba ya shaye-shaye, salla ba ta wuce shi. Zuciyarsa ce ba ta da ƙofa, duk abin da ya gifta sai ya shiga, na ciki kuma ya fita.

A haka Allah ya haɗa shi da 'yar mai gidan burodi. Surukin nasa tsoho ne mai zafin rai, wanda ya gina tanderunsa da hannunsa da jan bulo, ya tayar masa da bututun hayaƙi da ya fi duk rufin unguwa tsawo. In yana maganar tanderun nan sai ka rantse ɗansa na fari ne. Bayan aure Fara-ka-bari ya riƙa taya shi aiki, ya iya kwaɓi, ya iya murji, ya san yadda ake shafa wa gwangwani mai. Tsohon bai taɓa yaba masa ba. Iyaka in burodi ya yi kyau ya ce fulawar ce mai kyau.

Ana nan sai bayan tanderu ya tsage, idon tsoho kuma ya yi yana, ba ya gane mutum sai ya yi magana. Gidan burodi ya zauna a rufe wata da watanni. Da magini ya gama gyara, tsoho ya aika aka kira surukinsa, ya ciro makulli daga aljihu ya riƙe a hannu bai miƙa ba tukuna.

"Kai, na san sunan da ake kiranka da shi," in ji shi. "Kuma 'yata ba za ta ci suna ta ƙoshi ba. Daga barandar nan ina hango bakin bututuna. Idona ba ya ganin fuska, amma yana ganin hayaƙi. Kullum da yamma zan duba. Ran da na duba ban ga hayaƙi ba, mijin ƙanwar matarka na nan yana jira."

Wannan mijin ƙanwa kuwa wani mutum ne mai farin takalmi, wanda bai taɓa taɓa fulawa ba, amma ya daɗe yana zagaya gidan burodin yana auna faɗinsa da ido.

Fara-ka-bari ya karɓi makulli da hannu biyu, ya ce, "In Allah ya yarda, Baba."

"Allah ya riga ya yarda, kai nake tsoro," in ji tsoho.

Washegari shi da matarsa suka share wuri, suka wanke teburin murji, suka jera itace a bakin tanderu. Ya yi bismilla ya ƙyasta ashana. Kafin ya kai ta ga itacen sai suka ji wani abu daga cikin bututu, kamar ana huci kuma ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Matar ta yi tsalle ɗaya ta tsinci kanta a bakin ƙofa.

"Maciji ne, baban yara. Kunna, wutar ta yi maganinsa."

Ashanar ta ƙone masa yatsa ya yar. Ya ɗauki tocila, ya rarrafa cikin tanderu har ƙugu, ya kwanta rigingine ya haska sama. Can a jikin bulo ya ga wata 'yar sheƙa kamar rabin kofin shayi, an saƙa ta da ƙananan tsinkaye, ta manne da bango ba ƙusa ba igiya. A cikinta ga 'ya'yan tsuntsu jajaye, ba gashi, ido a rufe, baki a wangame ya fi kai girma. Su ne masu hucin. Yana kallo uwarsu ta faɗo daga sama kamar an jefo ta, ta maƙale a bango a tsaye, ta ɗura musu abin da ta ƙunso a maƙoshi, ta juya ta fice.

Ya fito da baya-baya, duk toka. "Ba maciji ba ne. Masu jego ne."

"To Allah ya raya. Kunna."

"In na kunna gasa su zan yi."

"In ba ka kunna ba mu za a gasa." Ta kama ƙugu. "Baban yara, ka bar kafinta, ka bar aski, ka bar mota a kan hanya. Duk duniya tsuntsu ne kaɗai ba za ka iya bari ba?"

Ya fita ya dawo yana mirgino wani tsohon duron mai. Ya ƙone cikinsa ya kankare, ya yanka masa ƙofa, ya zuba yashi a ƙasa, ya gitta ƙarafa, ya ɗora shi a kan duwatsu a bayan gidan burodin. Abin da tanderu zai gasa a shiga ɗaya, duro sai ya yini yana yi. Ga shi ba ya riƙe zafi, ka juya baya ya ƙone, ka tsaya a kansa ya ƙi nuna. Haka ya yini yana durƙuso yana tashi, har ya samu abin kai wa masu shayi da kantuna. Hayaƙin duro kuwa ko katanga ba ya wucewa.

Da la'asar sakaliya ya naɗe burodi mai zafi a takarda ya nufi gidan surukinsa, makulli a aljihu, da niyyar ya faɗi gaskiya ya miƙa. Ya tarar da tsoho a baranda tare da maƙwabcinsa tela, wanda suka shekara da shekaru suna zama tare ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. Ya durƙusa ya gaida su. Bai kai ga buɗe baki ba tsoho ya nuna sama da sanda.

"Ka gani ko, tela? Baƙi ƙirin, yana murɗawa. Haka hayaƙin tanderuna yake, ba irin na mutane ba."

Fara-ka-bari ya waiwaya. A saman bututu ga tsattsewa ba iyaka, sun taru suna kewayawa, suna murɗawa kamar guguwa, na ƙasa suna zubawa cikin bakin bututu ɗaya bayan ɗaya. Daga nesa, in idonka da yana, ba abin da zai hana ka ce hayaƙi ne.

"Tsuntsaye ne," in ji tela.

"Tsuntsaye a gidanku. Mutumin da ya ɗinka mini riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo shi zai koya mini gani?"

"Hannunka ne ɗaya ya fi ɗaya. Na ce tsuntsaye ne."

Tsoho ya karɓi burodi ya ɓara, ya shinshina, ya kai baki. Ya lumshe ido yana taunawa. "Ka ji ƙamshin jan bulo. Duk garin nan ba tanderun da ke ba da wannan. Ci, tela, ko bakinka ya san abin da idonka bai sani ba."

Fara-ka-bari ya yi musu sallama ya tashi bai faɗi abin da ya kawo shi ba. Makulli ya kwana a aljihunsa.

Daga nan ne ya biyo ta wurina ya kwashe duk abin da ya faru ya gaya mini. Da ya gama na ce masa tausayin halittar Allah lada ne, amma shirun da ya yi a barandar nan shi ma za a tambaye shi. Ya ce gobe zai faɗa. Na dubi kujerar da ke kan bulo, shi ma ya dube ta, ya sunkuyar da kai.

Kwanaki suka yi ta tafiya a haka. Kullum yana kan duro, kullum da yamma tsuntsaye na yi masa hayaƙi kyauta, kullum tsoho da tela na musu. Wata rana ma tsoho ya kira shi kusa ya rage murya don kada tela ya ji.

"Kai, wani abu na damuna. Hayaƙin nan naka, sai in ga kamar ciki yake komawa maimakon ya tashi sama."

"Baba, haka Allah ya halicce shi."

Tsoho ya gyaɗa kai ya ce lalle magini ya canza wa bututun numfashi. Da aka ba ni labari na ce to, wannan ba ƙarya ba ce, amma katanga ɗaya ta raba su.

Sai aka yi ruwan sama mai ƙarfi. Da safe ya buɗe tanderu ya tarar da sheƙa ta ɓalle ta faɗo cikin toka, 'ya'yan na ciki suna huci, sun fara tsiro da gashi kamar ƙaya. Ya kwashe su ya zuba a hularsa. Shi kuma mai burodi, a wurinsa ba cutar da burodi ba ya magani. Ya marmasa ɓargon burodi ya jiƙa da madara ya kai bakinsu, suka kau da kai. Ya sa sukari, suka ƙi. Ya ce ko iska suke so, ya ɗora ɗaya a reshen bishiyar da ke tsakar gida, ɗan tsuntsu ya kife kamar buhu, da ƙyar ya cafe shi. Ɗan tsuntsun ya kama gaban rigarsa ya maƙale a tsaye, ya fara hawa yana nufar wuyansa.

"Ya ga ubansa," in ji matar.

Ya tsaya yana tunanin abin da zai manna sheƙa da shi. Duk gidan burodi ba abin da ya kai kwaɓin fulawa danƙo, wanda ya taɓa wanke hannu bayan murji ya sani. Ya gutsuro dunƙule daga kwaɓin ranar, ya sa tsani ta cikin tanderu ya cusa kansa cikin bututu, ya shafa a bango, ya danna sheƙa a kai. Ta zauna daram. Ya ce bari ta ɗan sha iska kafin ya mayar da masu gida. Ya manta kwaɓin da yis a ciki. Ya koma kan duro, rana ta buɗe, bulo ya ɗumama. Da ya dawo ya haska sai ya ga kwaɓi ya kumbura ya yi tulu kamar kumatun mai ciwon haƙori, ya ture sheƙa gefe tana reto, kiyashi kuma sun ja layi tun daga ƙasa sun zo biki.

Yana zaune a ƙasa da hula a cinya, iyayen tsuntsaye na shiga bututu suna fita suna kuka, sai aka yi sallama. Wata mata ce da madubin hangen nesa a rataye a wuya da jaka a baya. An kwana biyu ana ganinta a unguwa da yamma tana kallon sama, har mata sun fara kwashe shanya don an ce leƙen gidaje take yi. Ashe malama ce a jami'a, kuma aikinta kenan, karatun tsuntsaye. Wai a tashi da safe a yi wanka a tafi kallon tsuntsu, kuma aiki ne. Allah mai rabon abinci ta inda ya so.

Ta ce ta biyo tsuntsayen ne tun daga bakin gari har ta ga inda suke shiga. Ta leƙa hula, ta leƙa bututu, ta ga kwaɓi. Ta yi ƙoƙari ta riƙe dariya, ta kasa, har ta zauna a kan buhun fulawa.

"Malam, da me ka ciyar da su?"

"Burodi da madara. Sun ƙi."

"Gara da suka ƙi, da sun ci da ka kashe su. Waɗannan ƙwari kawai suke ci, su ma sai waɗanda aka kama a sama ana tashi."

Ta zauna ta warware masa halinsu, matarsa na tsaye a bakin ƙofa tana yi kamar ba ta ji. Ta ce ƙafarsu gajera ce ƙwarai, ba ta iya riƙe reshe, ba ta iya tafiya a ƙasa, sai dai ta maƙale a bango, gashin wutsiya kuma ya tokare kamar sanda. A sama suke ci, a sama suke sha, su shafi kan ruwa da baki su wuce. Tsinken sheƙa ma ba sa sauka su tsinta, a guje suke karyo shi daga busasshen reshe. Abin da suke mannawa da shi kuwa yawunsu ne, in lokacin ƙwai ya zo sai Allah ya ƙara musu shi, ya yi danƙo ya bushe kamar ƙaro. Ruwan sama ne kaɗai ke jiƙa shi.

Ya ce to duk taron nan da ke shiga da yamma ina sheƙunansu? Ta ce sheƙa ɗaya ce, ta mata da miji ɗaya, sauran duk 'yan kwana ne, waɗanda ba su yi aure bana ba.

"Gwagware kenan suka cika mana bututu," in ji matar daga bakin ƙofa.

Malama ta ce suna da 'yan'uwa a ko'ina. Akwai masu manna ƙwansu da yawu a jikin ganyen giginya, iska ta yi ta kaɗawa ba ya faɗuwa. Akwai masu ƙetare teku su dawo ramin da suka bari. Akwai kuma wasu a wata ƙasa mai nisa da ke gina sheƙa da yawu zalla, mutanen can su hau kogo su ɓamɓaro su dafa su sha, wai abincin manya ne. Da ɗana ya kawo mini wannan na ce ya tsaya nan, ban ci abinci ba tukuna.

"To yanzu da me za a manna?" in ji Fara-ka-bari. "Ni yawuna ba zai kai ba."

Malama ta dudduba ɗakin, idonta ya sauka a kan wata 'yar rariya da ke rataye a bango. Matar ta ce wannan rariyar da ita ta zo gidan miji. Suka dube ta, ta dubi hula, 'ya'yan suka wangame mata baki gaba ɗaya. Ta ciro rariya ta miƙa tana cewa a shaida ba da son ranta ba. Aka kankare kwaɓi, aka kori kiyashi, ya kafa ƙusa a tsakanin bulo, aka sa sheƙa cikin rariya aka rataye, aka mayar da 'ya'ya. Kafin a mayar malama ta sa wa kowanne ɗan zobe a ƙafa, siriri kamar zare, wai don in sun dawo baɗi a gane su. Ba a jima ba uwar ta faɗo ta maƙale a bakin rariya ta hau ɗura.

Ya tambayi malama yaushe 'ya'yan za su tashi. Ta ce saura 'yan makonni. Ya dubi duro, ya dubi hannayensa da suka yi tabo-tabo da ƙuna, ya ce Allah ya kai mu.

To, tela ba ya iya riƙe magana, musamman in shi ke da gaskiya. Ya je ya ɗinka wa mai farin takalmi wando, ya haɗa masa da labari. Ba a kwana biyu ba mai farin takalmi ya tashi da son surukinsa, ya ce ba zai iya barci ba Baba na fama da ido. Ya ɗauke shi a mota ya kai shi asibiti aka cire yana. Kowa ya sa masa albarka, ni ma na sa, don aikin alheri ne ko da wace niyya aka yi shi, sauran tsakaninsa da Mahaliccinsa.

Ranar da aka kwance bandeji, da yamma, Fara-ka-bari na durƙushe gaban duro sai ya ji ƙarar sanda a bakin ƙofa. Ga tsoho da baƙin tabarau, ga tela a dama yana murmushi, ga mai farin takalmi a hagu yana tsallake toka. Tsoho bai amsa gaisuwa ba. Ya wuce kai tsaye ya zura hannu cikin tanderu. Sanyi kamar randa. Ya fito da hannu da yanar gizo-gizo a yatsu. Ya zagaya baya ya tsaya a kan duro, ya daɗe yana kallonsa.

"Wannan mene ne?"

"Duro ne, Baba."

"Na san duro. Idona aka gyara, ba hankalina ba. Burodin da kake kawo mini a nan ake gasa shi?"

"Mai ƙamshin jan bulo," in ji tela.

Fara-ka-bari ya faɗi komai, tun daga ashanar farko har rariya, bai rage ba, har da kwaɓin da ya kumbura. Tsoho ya laluba aljihu ya ciro ashana ya jefa masa a gaba.

"Itace na nan a jere. Kunna ina kallo."

Daga cikin bututu 'ya'yan suka ɗau hucinsu, an kawo musu abinci. Fara-ka-bari ya dubi ashana. Mutumin nan tunda yake bai taɓa ce wa babba a'a ba, in abu ya ishe shi sulalewa yake yi a neme shi a rasa. Matarsa ma ta matsa daga bakin ƙofa don ta ba shi hanya. Sai ya sa hannu a aljihu ya ciro makulli, ya ɗora a kan kwalin ashana, ya tura su gaban tsoho da hannu biyu.

"Baba, ka yafe mini shirun da na yi, wannan laifina ne. Amma ba zan kunna ba sai sun tashi. In wani zai kunna, a bari in hau in sauko da su tukuna, ko da ba za su rayu a hannuna ba."

Mai farin takalmi ya sunkuya zai ɗauka, tsoho ya taka kwalin da sanda. Ya juya wajen 'yarsa.

"Ke, tun yaushe yake kan wannan gwangwanin?"

"Tun ranar da ka ba shi makulli, Baba."

"Kwana nawa ya fasa?"

"Ko ɗaya. Ni kaina na gaji da jiran ya bari. Har ruwa aka yi ya kafa laima a kan duro shi yana jiƙewa."

Tsoho ya ce Fara-ka-bari ya miƙo hannayensa. Ya ɗaga tabarau ya duba su ciki da baya, ƙuna a kan ƙuna, wata ta warke wata sabuwa. Ya sake su. Daidai nan sama ta cika da ƙara, tsuntsaye suka taru a kan bututu suka fara murɗawa.

"Ga hayaƙinka nan ya dawo," in ji tela.

Tsoho ya ɗaga kai ya bi su da kallo har wuyansa ya gaji. Mai farin takalmi ya yi gyaran murya.

"Baba, in ka ba ni izini yanzu-yanzu sai in kunna. Ba a bar dukiya saboda tsuntsu."

"Kai ka kai ni asibiti ko?"

"Ni ne, Baba."

"A gabanka likita ya ce kada hayaƙi ya kusanci idona sai ya warke sarai. Ka gyara mini ido da safe, da yamma ka makantar da ni? Me na yi maka?"

Mai farin takalmi ya ce ai Baba zai iya komawa gida kafin a kunna. Tsoho ya ce tanderunsa ba a taɓa kunna shi bayan gyara ba ya tsaye a wurin ba, kuma ba za a fara yau ba. Ya ture makulli da sanda zuwa gaban Fara-ka-bari.

"Ɗauki abin nan, aljihuna a huje yake, tela ne ya ɗinka. Gobe ka kira magini. Ya toshe maƙogwaron tsohon bututu daga ƙasa, ya bar musu 'yar ƙofa ta waje, ya fasa gefe ya sa bututun ƙarfe. In ba haka ba baɗi ma za ka zaunar da 'yata a kan duro saboda baƙi."

Suna fita tela ya ce to yanzu an yarda tsuntsaye ne? Tsoho ya ce tun ranar farko ya sani, gwada su yake yi, duron ma ya ji ƙamshinsa. Tela ya yi dariya har ya dafa bango. Ana jin musunsu har suka sha kwana.

'Ya'yan sun tashi lafiya. Sun fara da barin rariya suna hawa bango kaɗan-kaɗan, wata safiya ya haska ya ga wayam. Ya zo ya gaya mini kamar an yi masa rasuwa, na ce ya gode wa Allah, haka 'ya'ya suke.

Yanzu gidan burodin bututu biyu gare shi, na ƙarfe mai fitar da hayaƙi, da na bulo mai haɗiye nasa. Tsoho ya sa an kai masa kujera can, wai yana duba aiki, amma bayansa yake ba tanderu. Har yau bai yaba ba, fulawar ce dai mai kyau. Mai farin takalmi ya koma auna wani fili. Malama na zuwa duk shekara da ɗalibanta, kuma bana ta kama ɗaya da zobe a ƙafa, ta ce cikin 'yan hular nan ne. Matarsa ta sayi sabuwar rariya, amma duk baƙon da ya zo sai ta nuna masa bututu ta ce kayan aurenta na ciki.

Unguwa ba ta canza masa suna ba, shi ma bai nema ba. Ƙafar kujerata kuwa ya ce wannan makon. Yana can yanzu ya fitar da gashin yamma, ya kife tsohon duron nan ya zauna a kai da fulawa har gira, ya ɗaga kai sama yana jiran gwagwarensa su dawo kwana.